Yadda Ake Goge Keken Zaren Kabon Ba Tare Da An Lalata Shi Ba

Abin da ya jawo rubutun wannan makon wani abu ne da ya faru a gidan ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu lokacin hutu. Yayansa ya daɗe yana tara kuɗi, har Allah ya nufa ya sayi keken tsere na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Keken baƙi ne wuluk, yana sheƙi, kuma don rashin nauyi yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Wata Asabar ƙanin ya ce bari ya burge yayan nasa. Ya ɗebo omo da soson ƙarfe da ɗan fetur a gwangwani, ya dirje keken tas, kamar yadda ya saba yi wa tsohon keken da yake zuwa makaranta da shi. Da keken ya bushe sai ga shi ya dushe, duk jikinsa zane-zane, wani wurin ma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka.

Bai yi da mugunta ba. Abin da bai sani ba shi ne gangar jikin wannan keke, wato firam, ba ƙarfe ba ce. Da zaren kabon aka yi ta, kuma dabarun da muka gada na kula da keken ƙarfe su ne ke kashe irin wannan. Tun da kekunan nan sun fara yawa a kasuwannin kayan hannu, ya kamata mu san yadda ake wanke su, a goge su, a kuma kare su. Maganar ta wuce ta ado, domin wanda bai iya kula da fatar keken ba yana iya hawan firam mai tsaga bai sani ba.

Mene ne zaren kabon?

Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi, shi ne kuma bakin fensirin da muke rubutu da shi. Ana samun zaren kabon ne daga wani zare na roba, ɗan uwan wanda ake saƙa rigunan sanyi da shi. Da farko a gasa shi a cikin iska da zafin da ya kai digiri 200 zuwa 300. Daga nan a kai shi wani murhun da babu iskar oksijin, a ƙara masa zafi ya haura digiri 1,000. Rashin oksijin ne ke hana shi cin wuta. Sauran sinadaran da ke jikinsa sai su fice, a bar zare baƙi wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kabon ne. Sili ɗaya ya fi gashin kanmu siranta kusan sau goma, shi ya sa ake haɗa dubbai a damƙa ɗaya.

Wani masani ɗan Japan mai suna Akio Shindo ne ya gano wannan hanya a birnin Osaka wajen shekarar 1959, kuma kamfanin Toray na ƙasar ya fara yin zaren don sayarwa a 1971. A fagen tseren keke kuwa, zaren ya yi suna a 1986, shekarar da Greg LeMond ɗan Amurka ya ci gasar Tour de France ta Faransa a kan keke mai bututun kabon. Yau kusan duk manyan 'yan tsere irinsa suke hawa, har da Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku a wannan gasa a 2024 ya kuma karɓi koriyar riga. Kekunan sun yi rashin nauyi har sai da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8.

Amma zare shi kaɗai ba ya tsayuwa ya zama keke. Sai an jiƙa shi da wani danƙo mai suna ifoksi, dangin gam ɗin nan na Araldite da ake kwaɓa kala biyu. A masana'anta ana yanka ƙyallayen zaren da aka riga aka jiƙa, guntu-guntu har ɗaruruwa, ma'aikata su jera su da hannu a cikin mazubi, wannan bisa wancan, kowanne da inda zarensa ya fuskanta. Sai a hura wata jaka a ciki ta matse su, a gasa har danƙon ya sandare. Wanda ya taɓa ganin magina suna cuɗa ƙasa da ramno ya riga ya fahimci dabarar. Ramno na hana bango tsagewa, ƙasa kuma na riƙe ramnon a wurinsa. A nan zare ne ramnon, danƙo ne ƙasar.

Inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni

Ɗauki karan dawa busasshe ka ja shi ta tsawonsa, ba za ka iya tsinka shi ba. Amma taka shi ta gefe, nan take ya fashe. Haka bututun kabon yake. An tsara shi ya ɗauki nauyin mahayi da ƙarfin taka feda, kuma a wannan aiki ya fi ƙarfe idan aka kwatanta nauyi da nauyi. Sai dai ba ya son matsi ko duka ta gefe, ga shi a wasu wurare kaurin bangon bututun bai wuce milimita ɗaya ba.

Wani bambancin kuma shi ne yadda yake nuna ciwonsa. Keken ƙarfe idan ya bugu sai ya lotsa ko ya lanƙwashe, kowa ya gani, a kai wa mai gyara ya miƙe shi ko a yi masa walda. Kabon ba ya lotsawa. Idan ya sha duka, ƙyallayen da ke ciki suna iya rabuwa da juna alhali waje yana nan sumul. Mahayi zai ci gaba da hawa, rabuwar tana ƙaruwa a ɓoye, sai wata rana a kan gangara bututun ya karye gaba ɗaya. Ba a yi masa walda, ba a kuma buga shi da guduma.

Me ake gogewa a jikin keken?

Idan ka shafa firam ɗin, ba zaren kake taɓawa ba. Akwai hawa-hawa. A can ƙasa zare da danƙo, a kansu fenti mai launi da rubutun kamfani, sannan a sama wani fenti garau marar launi, wanda za mu kira fatar sama. Ko keken da ake hango saƙar zarensa baƙa ta ciki, akwai wannan fata a kansa.

Fatar saman nan ita ce ke sheƙi, ita ce kuma garkuwa. Danƙon ifoksi ba ya jure hasken rana na dogon lokaci. Wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani yana cin sa sannu a hankali, ya koma ruwan ɗorawa, ya riƙa gari-gari. Fatar sama ce ke tare wannan haske, ta kuma tare gumi da ruwa da ƙura. Kaurinta bai kai na takardar littafin rubutu ba. Man gogewa kuwa, wanda masu fentin mota ke kira folish, yana ɗauke da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ke kankare saman fatar kaɗan har ta daidaita. Wato duk gogewa ɗaya tana rage wani abu da ba zai dawo ba. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi garin neman gira ya rasa ido ba.

Mataki na farko: wanki

Yawancin zanen da ake gani a jikin kekuna wurin shara da wanki suke samuwa. Ƙurar hunturu da muke gani kamar gari tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Idan ka sa busasshen tsumma ka share ta, sanfefa ka goga wa keken ba ka sani ba. Saboda haka ruwa ne farko.

Kai keken inuwa, ka bari jikinsa ya huce in daga rana yake. Kwarara masa ruwa da moɗa daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka. Tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwa da sabulun wankin mota ko sabulun ruwa marar kaifi, ɗaya na ruwa zalla. Kowane lokaci ka goga soson katifa mai laushi a jikin keken, ɗauraye shi a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin na sabulu, don yashin da ya kwaso ya zauna a ƙasan bokiti. Fara daga sirdi da kan keke, ka ƙare da wajen tayoyi inda datti ya fi yawa. Sarƙa da giya a ware musu nasu buroshi da nasu tsumma, domin baƙin man da ke jikinsu cike yake da garin ƙarfe. Bayan ɗauraya sai a tsane ruwan da tsumma mai laushi, irin na maikurofaiba, ko tsohuwar singileti ta auduga mai tsabta.

Ga abubuwan da ba a kusantar da su ga firam ɗin: soson ƙarfe, toka, yashi, omo mai gari, fetur, tina, da man cire fenti. Na farkon suna karce fatar sama, na ƙarshen suna dusar da ita ko su narkar da ita. Injin feshin masu wankin mota shi ma a guje shi, don ƙarfin ruwansa yana kore giris daga cikin boris, yana kuma ɗaga fentin da ya riga ya ɓantare. Idan maiƙo ko gam ɗin sitika ya maƙale, ɗan sifirit na asibiti a jikin tsumma ya isa.

Mataki na biyu: dubawa

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. Keke mai tsabta ne kaɗai ke nuna aibinsa. Ɗauki tocila ka haska jikin firam ɗin ta gefe, ka bi shi bututu bayan bututu. Ka fi mayar da hankali a mahaɗai: ƙarƙashin kan keke, wajen da sandar sirdi ke shiga, wajen da feda ke juyawa, ƙasan babban bututun da tsakuwa ke duka, da ƙafafu biyu masu riƙe tayar gaba.

Idan ka ga zane, gwada shi da farce. Wanda farce ya wuce bai maƙale ba, a fatar sama yake, gogewa za ta iya fitar da shi. Wanda farce ya maƙale a ciki ya yi zurfi, folish ba zai yi maganinsa ba. Idan kuwa ka ga tsaga mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, ko zare ya yi tsiri-tsiri yana kama tsumma, ko ka danna da babban yatsa ka ji wurin ya yi taushi, to maganar ta wuce fenti.

Akwai kuma gwajin ƙwanƙwasawa. Sami tsabar kuɗi ta ƙarfe ka riƙa buga bututun a hankali, kana matsawa kaɗan-kaɗan. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, inda ƙyallaye suka rabu kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu, kamar an buga fasasshiyar ƙwarya. Kwatanta da wuri irinsa a ɗaya gefen keken. Wannan gwaji yana taimakawa, amma ba ya kama kowace ɓaraka, shi ya sa ƙwararru ke amfani da na'urar sauti irin ta hoton ciki a asibiti. Dokar dai guda ce: keken da ake zargin ya tsage ba a hawansa. Ƙwararru na iya gyara bututun firam ta hanyar ɗora sabbin ƙyallaye, amma kan keke ko ƙafafun gaba idan suka tsage canza su ake yi. Shafa gam a kan tsaga rufe ido ne kawai.

Mataki na uku: gogewa

Kafin komai, duba irin fentin. Akwai mai sheƙi, akwai kuma wanda da gangan aka yi shi dishi-dishi ba ya ɗaukar ido. Na biyun ba a sa masa folish sam, domin duk inda aka goga zai yi tabo mai ƙyalli wanda ba ya komawa. Shi wanki da tsanewa sun wadatar, sai man kariya da aka yi musamman dominsa.

Mai sheƙin kuwa, nemi folish na fentin mota mafi laushi. Rufe faifan birki da leda mai tsabta ko ka cire tayoyin gaba ɗaya, domin ɗigon mai ko kaki a kan faifai ko robar birki yana hana keke tsayawa. Idan birkin a gefen wili yake kamawa, nan ma kada komai ya taɓa. Fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan firam. Ɗiga kamar ƙwayar wake a tsumma mai laushi, ka goga wuri kamar faɗin tafin hannu, da hannu sake, na ɗan lokaci kaɗan. Share da wani tsumman ka duba. In zanen ya ragu, sake yi sau ɗaya ko biyu ka tsaya. Idan ka ga launin keken ya fito a tsumma, ka riga ka huda fatar sama, dakata nan take. A yi hattara da gefuna masu kaifi, can fenti ya fi siranta.

Injin gogewa na masu mota bai dace da ɗan koyo ba. Bututun keke siriri ne, injin kuma yana tara zafi a wuri ɗaya, cikin ƙiftawar ido sai ya cinye fatar. Sanfefa ma a bar wa masu sana'ar, domin idan ta kai ga zare ta rage ƙarfin firam, garin da ke tashi kuma yana cutar da huhu da fata. Inda fenti ya ɓantare kaɗan amma zare lafiya lau, a share da sifirit a ɗiga man farce marar launi ya toshe gurbin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gogewa irin wannan sau ɗaya ko biyu a shekara ta isa.

Mataki na huɗu: kariya

Bayan gogewa fatar sama tana tsirara, sai a ɗora mata abin da zai riƙa karɓar wahala a madadinta. Hanyoyi uku ne.

Ta farko kaki. Wanda aka fi sani shi ne kanoba, da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Birazil. A shafa shi siriri, a bari ya yi hazo, a goge. Yana sa ruwa ya dunƙule ya gangare, ƙura ma ba ta kamawa sosai. Yana da araha, sai dai bayan 'yan makonni ko watanni kaɗan sai an sabunta. In ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a jikin keken, lokaci ya yi.

Ta biyu ruwan siramik, wanda aka yi da sinadarin silika, shi ne dai asalin gilashi. Idan ya bushe yana zama siririn rufi mai tauri da ke daɗewa fiye da kaki nesa ba kusa ba. Yana da tsada, kuma duk zanen da aka rufe da shi ya zauna ke nan, don haka sai an gama wanki da gogewa tsaf. Kada a ɗauka yana tare dutse.

Ta uku ita ce mai tare dutsen: wata leda garau mai kauri da ake mannawa, wadda asalinta an yi ta ne don kare farfelar jirgi mai saukar ungulu daga yashi. Ana manna ta a ƙasan babban bututu, da sandar da sarƙa ke duka, da duk inda wayar birki ko ta giya ke gogar firam. Wanda bai samu ba, tsohon tiyub da aka yanka aka naɗe sandar gefen sarƙa da shi yana aiki sosai.

Ɗauri da ajiya

Mun saba da ɗaure noti har sai sifana ta ƙi motsi. A keken kabon wannan ɗabi'a tana fasa bututu. Duba kusa da kusoshin sirdi da na kan keke, za ka ga an rubuta lamba kamar 5 Nm. Iyakar ƙarfin ɗaurin ke nan, kuma akwai sifana ta musamman da ke auna shi. Idan sandar sirdi na zamewa, ba ƙarin ɗauri take so ba, akwai wani mai mai ɗan gari-gari da ake shafa mata don ta kama. Haka nan kada a maƙale bututun firam a bakin maƙatar gyara ko a ɗaure shi tamau da igiya a saman mota.

Kabon ba ya tsatsa, amma yana sa maƙwabcinsa ya ci kansa. Idan alminiyam ya haɗu da kabon, ga ruwan gishiri a tsakani, sai alminiyam ɗin ya fara zagwanyewa, kamar yadda muka karanta a darasin batir. Gumin mahayi ruwan gishiri ne. Don haka a share gumi bayan kowane hawa, a kuma riƙa zare sandar sirdi lokaci-lokaci ana tsabtace ta, kada ta maƙale har abada.

Wurin ajiya ya zama inuwa, a cikin ɗaki in da hali. Rana ba za ta narkar da firam ba, amma tana kashe launi, tana kuma cin danƙo a duk inda fenti ya ɓare. Zafin da ke lalata shi da gaske shi ne na salansar babur ko ta janareta, da murhu. Kada kuma a jingina bututun sama da kaifin bango ko ƙofar ƙarfe, a jingina ta sirdi ko ta tayar baya.

Ga mai shirin saye

Duk wanda zai sayi irin wannan keke na hannu ya nemi a wanke shi a gabansa, ya duba shi da tocila kamar yadda muka bayyana. Ya yi hattara da sitikar da aka manna a wurin da ba a saba ba, da sabon fenti a gefe ɗaya kawai, domin sau da yawa akwai abin da suke rufewa. Ana gane firam ɗin kabon da rashin dunƙulen walda a mahaɗansa, da ƙararsa mai kama da ta roba idan an ƙwanƙwasa. Mayen ƙarfe ba ya kama shi, amma wannan kaɗai bai isa shaida ba tun da alminiyam ma ba ya kamuwa.

Shi kuwa keken da muka fara da labarinsa, an yi sa'a soson bai kai ga zare ba. Wani mai fentin mota ya sake fesa masa fatar sama, kuɗin aikin kuma daga asusun ƙanin aka cire. Yanzu shi ne mai wanke keken duk Asabar, da bokiti biyu da tocilarsa. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar ɗakin karatu, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.